Ragon Maginiyar Tukwane

Ka ce mini bana Sallah ba ta yi maka armashi ba, tunda wanda kake jira bai zo ba. Gyara zama in ba ka misali.

A wani ƙauye da ke gefen titi an yi wata mata mai ginin tukwane. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da ɗa guda, shi ne na fari, shi ne kuma auta. Da ya zama saurayi sai ya bi 'yan dako zuwa Ikko neman abin kansa. Ran da zai tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ki ɗaure mana rago. Da Babbar Sallah ni zan kayar da shi da hannuna." Shekarar farko ya aiko da saƙo. Ta biyu ya aiko da gaisuwa. Daga nan shiru, ko wanda ya gan shi ba a sake samu ba.

Ita kuwa ba ta fasa ɗaure rago ba. Kowace shekara takan sayi ɗan tunkiya, ta yi ta ba shi dusa da harawa da kanwa, har ya riƙa jijjiga turke. Ranar Sallah, idan an sauko daga Idi aka shiga yanka, ita sai ta ɗauki tabarma ta koma bakin zaure tana kallon titi. Duk motar da ta rage gudu sai ta miƙe. Ba ta yarda a taɓa ragon sai rana ta uku, da lokacin layya ya kusa fita. Sannan ta soya naman, ta zuba a sabuwar tukunyar da ta gina da hannunta, ta rufe, wai ko zai iso a makare. Haka ta yi shekara biyar.

A ta shida, maƙwabcinta, wani manomi, maciji ya sare shi a gona da damina, bai kwana ba. Ya bar matarsa da tsohon ciki, ga rumbu babu komai. Matar ta haihu namiji, suna kuma ya faɗo daidai ranar Sallah. Ana gobe suna, maginiya tana cuɗa yumɓu sai ta ji mai jego ta bayan danga tana gaya wa ƙanwarta a yi sunan haka nan da goro, Allah ya ga halin da ake ciki. Muryar ba ta kuka ba ce, ta wadda ta riga ta gama kukan ce. Tsohuwa ta daɗe zaune hannunta cikin yumɓu. Ba ƙyashin naman take ba. Gani take muddin ragon nan yana kan turke, ɗanta yana kan hanya. In ta kwance shi, kamar ta yarda ke nan ba zai zo ba. Wani ƙaninta da ya gan ta tana warware igiya ya ce, "Yaya, in ya sauka gobe fa?" Ta ce, "In ya sauka, ai ni zai tarar." Ta ja ragon har tsakar gidan mai jego, ta ce, "'Yar nan, maraya ba zai shigo duniya a bushe ba ina raye." Ba ta tsaya jin godiya ba ta juya.

Washegari ta shimfiɗa tabarmarta a bakin zaure kamar kullum. Motoci suka yi ta wucewa. Bayanta turke ne da igiya kwance. Can sai ta ji sanƙira ya ɗaga murya daga ƙofar maƙwabta yana cewa an raɗa wa yaro Zubairu. Sunan ɗanta ke nan. Ita ba ta taɓa furta shi ba saboda kunyar ɗan fari, mutanen gari kuma sun daina ambatarsa a gabanta don kada su tayar mata da ciwo. Shekara shida ba ta ji an kira sunan nan ba. Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, mata suna ta guɗa.

Ɗanta bai zo a Sallar nan ba, bai kuma zo a waɗanda suka biyo ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce ta daina kallon titi ba. Har idanunta suka dushe tana tambaya ko an ji tsayuwar mota. Amma tun daga ranar, safe da yamma ana kiran sunan nan ta bayan danga, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da lallashi, ita kuma takan dakata da aiki ta saurara. Da ƙarfinta ya ƙare, maƙwabciyar nan ce ta cire dangar da ke tsakaninsu, ta riƙa yi mata wanka da dama mata kunu. A kan cinyarta tsohuwar ta cika, wani hantsi, tana riƙe da hannunta.

To kai ma, kada kewar wanda ya yi nisa ta rufe maka ido daga wanda ke bayan dangarka. Hausawa sun ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.