Ƙaho Bakwai

Daga Gaya har Yelu, babu ciwon da ya taɓa gagarar ƙahon wanzamin bakin kogi. Waɗanda suka mutu a hannunsa, kwanansu ne ya ƙare.

Sai Faransawa suka kawo mai allura. Jama'a suka koma ƙofarsa, har da masuncin da wanzami ya yi wata uku yana yi wa ƙaho saboda zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Wanzami ya zauna yana wasa aska yana kallonsu.

Da hantsi aka yi wa masunci allura. Kafin azahar yana karkarwa, haƙora na haɗuwa.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji mai allura. "Ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa. In sun fashe, dafin da ke ɓawonsu yakan zuba cikin jini. Gobe zai tashi."

"Gobe?" Wanzami ya kutso da zabirarsa. "Malam, mu nan ba ma kallon mutum yana mutuwa. Ku juya min shi."

Ya kafa ƙaho, ya tsotsa, ya nuna wa kowa baƙin jini. Washegari masunci ya tashi, kamar yadda aka faɗa. Hannun wanzami ne ya taɓa shi daga ƙarshe, don haka shi ya warkar. Jama'a suka dawo.

Da zazzaɓin ya kama matar masunci, ba wanda ya yi zancen allura. Ƙaho bakwai aka kafa mata, don girmamawa. Ran Talata aka kai ta makwanci, ba ta yi ƙorafi ba.