Tsarabar Direba da Haƙorin 'Yarsa

Kai da kullum kake mitar yaran yanzu ba sa jin magana, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani direban tirela mai sakin hannu, yana da 'ya ɗaya tal da ya ɗora wa son duniya, tana aji uku a firamare. Shekarar da makarantarsu ta kafa doka cewa ba alawa, ba cingam, ba biskit, ba lemon roba a harabarta, sai dai yaro ya zo da abincin gida a 'yar kula, ko ƙosai, ko dafaffen ƙwai, ko 'ya'yan itace, a taron iyaye babu wanda ya kai shi tafi. Har miƙewa ya yi ya ce duk wanda ya karya a hukunta shi, ko ɗan waye. Da gaske kuwa yake, ba don a gani ba. Sai dai a wurinsa doka ta makaranta ce, iyakarta bakin ƙofa, tsaraba kuwa haƙƙin uba ce. Shi da yake kwana da kwanaki a hanya, ina zai sa fuskarsa in yarinya ta sheƙo da gudu tana oyoyo, ta zura hannu a aljihunsa ta ji wayam? Don haka duk tashar da ya yada zango sai ya ciko leda: alawa mai tsinke, mai madara, cakulan, da wata mai rina harshe shuɗi. Ya zube mata a cinya, ya ɗaga yatsa ya ce a gida kaɗai za a sha, ban da makaranta. Washegari ya ta da mota ya yi gaba, ya bar ƙaramar yarinya da leda cike da zaƙi da gargaɗi na fatar baki. Kai ma ka san wanda zai rinjaya. In uwar ta yi magana, sai ya ce a bar yarinya ta more ubanta.

To, yarinya ta riga ta yi famfara, haƙoran girma sun fito. Aka fara da yamutsa fuska in ta sha ruwan sanyi, aka koma tauna da gefe guda, har ta kai tuwo ma sai an lallashe ta. Ran nan ya dawo daga tafiya bai ji oyoyo ba. Ya iske ta kwance, kunci ya kumbura kamar ta cusa lemon tsami a baki. A asibiti likita ya leƙa ya ce turmin haƙorinta na ƙasa, wanda take tauna da shi, ya ruɓe har saiwa, babu makawa sai an cire, kuma irinsa ba ya sake tsirowa. Biyu na kusa da shi ma sun soma baƙi, in ba a sauya hali ba su ma hanyarsu ke nan. Shi ya riƙe mata hannuwa aka cire, tana kuka tana kiran Baba, shi ma ƙato da shi hawaye na bin gemunsa. Daga nan baƙin ciki ya juye fushi, fushi kuwa sai ya nemi inda zai sauka. Da safe ya ja hannun yarinyar ya dira makaranta yana kumfar baki, wai ina amfanin dokar da ba a tsare ta, 'yarsa ta yi asarar haƙori malamai suna kallo. Shugabar makarantar, wata dattijuwa marar hayaniya, ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta jawo durowa ta zazzage a kan tebur abin da aka ƙwace daga safar yarinyar da cikin hijabinta tun farkon zango, wanda aka sha aika saƙo gida a kansa, shi uban yana hanya. Masu tallar alawa tuni an tashe su daga bakin ƙofa, wannan kuwa ko a kasuwar garin ba a sayar da irinsa. Direba ya duba, kowace alawa ya san tashar da ya saye ta. Maimakon ya yi shiru, sai ya juya kan yarinya mai kumburarren kunci, ya ɗaga hannu, wai ai ya ce mata ban da makaranta. Dattijuwar ta ce, "Alhaji, sauke hannunka. Ta yi laifi, mun kuma hukunta ta. Wanda yake cika mata ledar fa, wa zai hukunta shi?"

Hannun nan a sanyaye ya sauka. Tafiyar da ya yi bayan nan, gwanda da ayaba da dafaffiyar gyaɗa ya kawo. Yarinya ta leƙa leda, ta tura baki, ta koma bayan uwarta. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya cije, ya sake kawo irinsu, ya kuma sakewa, har ta saba. Haƙoran nan biyu aka cike su, suna nan lafiya lau. Na farkon kuwa ya tafi ke nan, kuma duk ranar da ta ƙyalƙyale da dariya ta wangale baki, ubanta ne yake fara kawar da kai.

Saboda haka kafin ka ɗauko bulala don yaro ya karya dokar makaranta, fara laluba naka aljihun. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.