Gafarar da Na Riƙe wa Kaka

Kowa a gidanmu na Tambuwal cewa yake Kaka tana samun sauƙi, amma ni ban yarda ba. Shekaruna takwas a lokacin, ina laɓe bayan rumbu ina lura da baƙi. In sauƙi ne, me ya taso ƙanenta daga Kebbe ana tsakiyar girbi? Me ya sa duk wanda ya fito daga ɗakinta yake cewa ya yafe, yana share ido?

Bayan la'asar ta sa aka kira ni. Ta kama hannuna, tafinta na ƙamshin man shanu kamar kullum.

"'Yar ɗakina, ke ɗai kika rage. Duk rankwashin da na yi miki, ki yafe mani."

Na zare hannuna. A tunanina gafarata kaɗai take jira. In na riƙe, ba inda za ta.

"Ba ni yafewa."

"Ja'ira! Don mi?"

"In na yafe, mutuwa za ki yi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Mai kira ba shi jiran izininki. Ni dai tsoro nika ji in tafi da haƙƙinki."

Ban taɓa jin Kaka ta ambaci tsoro ba. Na mayar da hannuna cikin nata.

"Na yafe, Kaka, duniya da lahira."

Ta lumshe ido, ba ta sake buɗewa ba.

Har yau, in na ji ƙamshin man shanu, nakan sake faɗa mata a hankali cewa na yafe. Ta farkon cikin kuka ta fito, ban tabbata ta ji duka ba.