Hon Ɗin Tirela a Ƙofar Soro

Shekara tara Gali da matarsa Rabi'atu suna jiran haihuwa, sai bana Allah Ya ba su 'ya mace. Duk unguwarsu ta Dukawuya an taya su murna. Shi kuwa Gali murnar ta hau masa kai, ya ce sai an yi sunan da za a daɗe ana labarinsa.

Yana da wata jif mai manyan tayoyi da yake shiga daji da ita duba shanun gidansu. Babu gatan da bai yi wa motar nan ba. Ya ɗaga ta sama, ya jera mata fitilu, ya sa mata ƙarfe a gaba. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wato hon ɗinta. Wai mota ƙatuwa haka, amma murya kamar ta ɗan akuya.

Ana saura kwana uku suna, ya kai ta wurin Mikail mai wayarin mota, ya ce a ɗaura masa hon na iska irin na tirela, mai bututu huɗu da tankinsa. Mikail ya ɗaura, ya gwada sau ɗaya, shi kansa sai da ya toshe kunne.

"Alhaji, wannan fa na babban titi ne," in ji Mikail. "Cikin gari bango kusa da bango yake, ƙarar ba ta da wurin zuwa sai kunnen mutane. Bari in bar maka ƙaramin, ka riƙa amfani da shi a unguwa."

"Cire shi gaba ɗaya," in ji Gali. "So nake in na danna a Ƙofar Nassarawa, a san a gida cewa na taho."

Daga ranar unguwa ta shiga uku. Gali ya daina sallama, hon ne ke yi masa. Masu barcin rana suka haƙura da barci, tsofaffi suna ta salati, shi kuma yana washe baki yana ganin ya burge.

Ana gobe suna, Baba Ɗahiru wanzamin gidansu ya tare shi a ƙofar gida. Dattijo ne, shi ya yi wa Gali kansa askin suna.

"Gali, gobe da hantsi zan yi wa jaririya aski a soron nan, ka ga kuwa a bakin hanya yake. Aska a kan jinjiri ba ta son firgita. Don Allah ka bar wannan abin naka ya huta gobe."

Gali ya yi dariya. "Haba Baba, shekara arba'in kana aski, hon ne zai kaɗa maka hannu?"

"Ni dai na gaya maka," in ji dattijon, ya wuce.

Da safe aka raɗa wa yarinya suna Nana Khadija, aka yanka rago. Gali ya tafi tasha ɗauko kawunnansa da suka zo daga ruga. Bayan fitarsa, yayarsa Sa'ida ta zauna a soro da jaririyar a cinya. Baba Ɗahiru ya jiƙa mata gashi, ya yi bismilla, ya fara bi da aska a hankali.

Gali ya dawo ya tarar baburan 'yan suna sun tare ƙofar gida. Da a ce ya sauka ya yi magana, da minti ɗaya ya isa a janye su. Amma ga kawunnansa a mota, kuma ba su taɓa jin hon ɗin ba.

"Kawu, ku saurara ku ji aiki," in ji shi. Ya danna, ya kuma riƙe.

Ƙarar ta daki bangon soro. Sa'ida ta zabura, jaririya ta fizge, askar da ke goshinta ta zame ta sauka a kan idon hagu. Gali na ɗaga hannu daga kan hon yana dariya, sai ya ji ihun yayarsa. Ya faɗa soro da gudu, ya ga farin zanen goyo ya rine da jini, Baba Ɗahiru na tsugune yana ta innalillahi.

Aka garzaya asibiti. Likita ya daɗe a ciki, da ya fito bai yi kwana-kwana ba. Ya ce raunin zai warke, amma idon ba zai ƙara gani ba.

Rabi'atu, wadda saboda kunyar 'yar fari ko ɗaukar yarinyar ba ta yi a gaban mutane, ranar ta ajiye kunya. Ta rungume ta a ƙirji, ta dubi mijinta a gaban danginsa ta ce, "Alhaji, kwana bakwai kacal 'yata ta yi da idonta biyu."

Gali ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba. Abincin suna ya huce a tukwane, baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baba Ɗahiru kuwa ya rataye zabirarsa, har yau bai sake taɓa aska ba.

Masu karatu, an yi hon ne don gargaɗi a hanya, ba don a san ka iso ba. Ba ka san abin da ake yi a bayan bangon da kake wa ƙara ba, kuma wanda za ka cutar yana iya zama naka.