Waƙar Motar Babanta

Arlene tana zaune a bayan dandali tana gyara tsirkiyar jitarta, sai ga Boyd ya shigo yana murmushi, hularsa a hannu. Tun zuwanta Nashville, birnin mawaƙa a Amurka, suke rubuta waƙa tare, kuma kowa ya san abin ya wuce waƙa.

"Albishirinki," in ji shi. "Wani babban mawaƙi ya ji waƙar motar marigayi babanki, ya ce a ajiye masa."

Hannunta ya tsaya cak. A garin nan idan babba ya ce a ajiye masa waƙa, mai ita ba ta isa ta fitar da ita ba, ko da zai shekara yana shawara.

"Wa ya kai masa?"

"Ni mana. Ai tare muka rubuta."

"Baiti ɗaya ka saka, Boyd. Kofi kake haɗawa ina kuka."

Ya kawar da kai. Ta san al'adar: duk wanda ke ɗakin ranar da aka yi waƙa, rabinta nasa ne. Can ya laluba aljihu, ya fito da zobe.

"Don mu biyu na yi. Ki aure ni, Arlene."

Ta dubi zoben, ta dube shi.

"Jibi zan shiga sutudiyo in ɗauki waƙar nan. Na ce wa Mama ta jira muryata a rediyo."

"Haba masoyiyata, ai sai ki rubuta wata."

Ta miƙe ta rataya jitar, ta bar shi riƙe da zoben.

"Uba nawa kake tsammani gare ni?"