Miyar da Abba Ya Dafa wa Umma

Muna zaune a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje, lokacin da ciwon Umma ya yi tsanani, har abinci ya daina shiga cikinta. Wata rana bayan la'asar ta ce tana marmarin miyar wake irin ta kudancin Indiya, wadda maƙwabciyarmu ta taɓa kawo mata.

Abba bai taɓa ɗora tukunya ba a rayuwarsa. Ya rufe shagonsa, ya aro littafin girke-girken Indiya, ya naɗe hannun riga. Turancinsa na ciniki ne kawai, don haka ni nake karanta masa.

"Karanta a hankali, ɗan nan. Uwarka ce za ta ci."

Ni kuwa ina jiyo abokaina suna buga ƙwallo a ƙasan benenmu. Littafin ya ce a rage wuta, a soya hulba sannu a hankali. Na ce masa a ƙara wuta aka rubuta, don mu gama da wuri. Hulbar ta ƙone, miyar ta yi ɗaci.

Umma ta kai cokali baki, ta daure ta haɗiye.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji," ta ce, ta juya fuskarta bango. Ba ta sake neman abinci ba.

Na iske Abba yana kankare tukunya. "Littafin ba shi da laifi," ya ce. "Hannuna ne bai iya ba."

Ba a daɗe ba Umma ta rasu. Yanzu Abba ya tsufa a Kano, yana cewa ya kasa ciyar da ita. Har yau ban faɗa masa ba.