Keken Asabar, Gaisuwar Lahadi

Mika'il ya danna birki, ya saki, ya sake dannawa kamar mai zaɓen ragon layya. Kekunan tsere na BMX biyu ne na sayarwa jingine a bakin filin tsere a wajen garin Lyon, mai su yana tsaye cikin hular kwano da ta rufe fuska, sai furfurar gemu ke leƙowa.

Tun yana saurayi a unguwar La Courneuve, gefen Paris, rabon Mika'il da tsere. Yanzu ya haura talatin, ya aje tumbi, ƙuruciya ta sake motsa masa. Matsalar ɗaya ce: gobe zai je gaida, a nan Lyon, mahaifin Hamdiya, wadda yake nema da aure, kuma bai taɓa ganinsa ba. Ta ja masa kunne cewa Baba ba ya ɗaukar shiririta. Shi ya sa ya sulalo daga Paris tun Asabar, ya ce mata aiki ne.

Da Faransanci suka yi magana. Dattijon ya ce uwargida ce ta kafa masa doka ya rage kekuna kafin baƙi su zo. Ya nuna mai manyan ƙafafu, ya ce shi ne daidai da gwiwar wanda ya daɗe bai hau ba.

Abin ya sosa wa Mika'il rai. Ya zaɓi ƙaramin, irin na samari, har da cewa su gwada zagaye ɗaya.

Kafin ya gama tudu na biyu, dattijon ya sha kwanar ƙarshe. A tudu na uku Mika'il ya yi zaman dirshan a ƙasa.

Yana kakkaɓe wando Hamdiya ta kira.

"Ina ofis wallahi, réunion ce ta riƙe ni, taron bai ƙare ba," ya ce da Hausa. Da ta kashe, ya kira abokinsa. "Kai, wani tsohon banza na samu nan, ya kusa kashe ni. Gobe kuma ga wancan tsoho mai ɗaure huska. Amma bari ka gani, durƙuso biyu zan yi mishi, shi ke nan na saye shi."

Dattijon yana gefe yana goge sarƙa. Da aka kira la'asar a wayar wani, ya duba agogo, ya karɓi kuɗinsa, ya miƙa keken, ya tafi.

Ran Lahadi a gidan su Hamdiya da ke unguwar Les Minguettes, Mika'il ya ci babbar riga, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa nesa da kujera, ido a kan kafet yadda ake yi gaban suruki. Gwiwarsa na zugi. Ya jero gaisuwa, aka amsa masa ɗaya bayan ɗaya, lahiya lau, lahiya lau.



"To, durƙuso guda ke nan, saura guda," Alhaji, mahaifin Hamdiya, ya ce. "Amma ka bi a hankali, ɗana. Ai na ce maka ka ɗauki mai manyan ƙafafun."